Likita, Ma'aikacin Tangaraho da Mai Tona Asiri: Tarihin Ƙa'idar Thévenin

Duk wanda ya karanta injiniyancin lantarki, a Zariya ne ko a Yamai ko a Tokyo, akwai sunaye biyu da ba zai gama aji biyu na jami'a bai haddace su ba: Thévenin da Norton. Da su ake kiran wasu ƙa'idoji biyu da ke ba injiniya damar ya ɗauki tarin wayoyi da batura da na'urori, komai sarƙaƙiyarsu, ya mai da su abu biyu rak a kan takarda, lissafinsa kuma ya fita daidai. Ɗalibai kan haddace su domin jarrabawa, ƙwararru kuwa da su suke cin abinci. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne, ba Thévenin ne ya fara gano ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa ba, domin an riga an buga ta shekara huɗu kafin a haife shi. Shi kuma Norton bai taɓa wallafa tasa a mujalla ba. Wanda ya wallafa ta wani Bajamushe ne da a yau aka fi cin karo da sunansa a littattafan leƙen asirin Yaƙin Duniya na Biyu.

Tsakanin 1853 da 1926 an yi ta gano wannan abu ɗaya a wurare daban-daban, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Da alama dalilin shi ne, kowace sana'a sai da ta kai ranar da ta ci karo da matsala iri ɗaya: ga abu a gabanka wanda ba ka iya buɗe cikinsa, bakinsa kawai kake iya taɓawa, amma dole ka san yadda zai yi idan ka jona masa wani abu.

Kafin a kai ga nan, sai an san abubuwa uku da lissafin lantarki ya ginu a kansu. Akwai turi, wato ƙarfin da ke ingiza lantarki cikin waya, ana auna shi da bolt. Akwai kwarara, wato yawan lantarkin da ke wucewa, ana auna ta da amfiya. Akwai kuma turjiya, wato yadda waya ko na'ura ke hana lantarki wucewa cikin sauƙi, ana auna ta da om. Wanda ya san tankin ruwa da bututu ya san kwatankwacinsu: tsayin tanki shi ne turi, ruwan da ke zuba shi ne kwarara, ƙuncin bututu kuma turjiya.

Wanda ya ɗaure waɗannan ukun wuri ɗaya shi ne Georg Simon Ohm, malamin lissafi a wata makarantar sakandare a birnin Kolon na Jamus. A littafin da ya buga a Balin a 1827 ya nuna cewa kwarara ita ce turi a raba da turjiya. Manyan malaman ƙasarsa ba su karɓi aikin hannu bibbiyu ba, har ya ajiye aikinsa ya yi shekaru yana 'yan koyarwar da ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1841 Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Landan ta ba shi lambar Copley, kujerar farfesa a Munik kuwa bai hau ta ba sai a 1852, saura shekara biyu ya rasu.

Dokar Ohm ta waya ɗaya ce. Idan wayoyi suka yi rassa, suka rabu a nan suka haɗu a can, sai an ƙara da wani abu. Wannan ƙarin ya fito ne daga wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Königsberg, birnin da yanzu ake kira Kaliningrad a Rasha. Gustav Kirchhoff ya kawo dokokinsa biyu a 1845, a ƙarshen wata maƙala da ke magana kan yadda lantarki ke ratsa faifan ƙarfe. Ta farko ta ce duk lantarkin da ya shiga mahaɗa dole ya fita, babu wanda ke ɓacewa. Ta biyu ta ce idan ka zagaya da'ira ka dawo inda ka tashi, turin da ka samu da wanda ka rasa sun yi daidai. Da waɗannan biyun da dokar Ohm, babu da'irar batura da turjiya da ba za a iya warwarewa ba.

A ƙa'ida ke nan. A aikace kuwa, da'ira mai zobe goma tana nufin jimlolin lissafi goma da za a warware su a lokaci ɗaya, da alƙalami da takarda. Idan kuma aka sauya na'ura ɗaya tak, sai a koma farko. Duk ƙa'idojin da suka biyo baya hanyoyi ne na guje wa wannan wahala.

Kwaɗi a Königsberg

Hermann Helmholtz likita ne. Ya yi karatun likitanci a Balin da sharaɗin zai yi wa soja aiki, ya kuma yi aikin a barikin Potsdam, inda ya rubuta shahararriyar maƙalarsa ta 1847 kan cewa makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A 1849 ya zama farfesan ilimin aikin sassan jiki a Königsberg, bayan Kirchhoff ya bar garin. A can ya auna saurin da saƙo ke bi cikin jijiyar kwaɗo, abin da malamai da yawa ke ganin ba zai aunu ba, ya kuma ƙirƙiro madubin da likitocin ido ke leƙa cikin ido da shi har gobe.

Abokinsa Emil du Bois-Reymond yana Balin a lokacin, yana auna ƙananan kwararar lantarki da ke fita daga tsoka da jijiyar kwaɗi. Matsalar gwajin a bayyane take. Tsoka ba waya ba ce, curi ne na nama da ruwa da gishiri, lantarki na bi ta ko'ina a cikinsa. Mai gwaji yana iya ɗora kan na'urarsa ne a wuri biyu a bayan tsokar, ya karanta abin da allura ta nuna. To me wannan karatu yake faɗa game da abin da ke faruwa a ciki?

Amsar Helmholtz ta fito a 1853, cikin doguwar maƙala a mujallar fiziya ta Jamus, ƙarƙashin taken da ke magana kan rarrabuwar lantarki cikin jikuna masu kauri da amfaninsa ga gwaje-gwajen lantarkin dabbobi. A ciki ya zayyana ƙa'idar tarawa: idan da'ira tana da tushen turi da yawa, ana iya lissafa aikin kowane ɗaya shi kaɗai, a ɗauka sauran sun mutu, sannan a tara sakamakon. Ya nuna kuma cewa idan aka musanya wurin batir da wurin na'urar awo, karatun ba zai sauya ba. Sannan ya kawo abin da muke bibiya: duk wani jiki da ke da tushen lantarki a cikinsa, idan ta wuri biyu kawai za ka taɓa shi, to zai yi maka tamkar batir ɗaya ne da turjiya ɗaya a jere.

Akwai wani abu da ya biyo bayan wannan wanda likitoci suka fi injiniyoyi damuwa da shi. Tunda tsare-tsare daban-daban na ciki na iya ba da karatu iri ɗaya a waje, to karatun waje shi kaɗai ba zai tabbatar maka da abin da ke ciki ba. Masu nazarin na'urorin da ke auna lantarkin zuciya da na ƙwaƙwalwa har yanzu suna ambaton wannan maƙala saboda haka. Ga likita wannan iyaka ce. Ga injiniya kuwa sauƙi ne, domin in har ciki daban-daban na ba da waje iri ɗaya, yana da damar ya zaɓi cikin da ya fi sauƙin lissafi. Sai dai a 1853 injiniyan da ke buƙatar wannan sauƙi bai riga ya yawaita ba, kuma ko da yana nan, babu abin da zai kai shi ga maƙalar da aka yi wa take da lantarkin dabbobi.

Shekara talatin bayan haka

An haifi Léon Charles Thévenin a garin Meaux, gabas da Faris, a 1857. Ya shiga babbar makarantar École Polytechnique a 1876, ya fito a 1878 ya kama aiki da rundunar injiniyoyin wayar tangaraho ta Faransa, inda aka sa shi aikin shimfiɗa dogayen layuka a ƙarƙashin ƙasa. A 1882 aka naɗa shi mai koyarwa a babbar makarantar tangaraho. Duniyar da ya shigo ta bambanta da ta Helmholtz na 1853. An riga an ratsa Tekun Atlantika da waya tun 1866, kuma a 1881 an yi babban taron masana lantarki a Faris inda aka amince da om da bolt da amfiya a matsayin ma'aunai. Helmholtz da Kirchhoff duk sun halarci wannan taro.

Tambayar ma'aikacin tangaraho ta kullum ita ce: ga layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, da baturansa da rassansa da wuraren da wuta ke yoyo zuwa ƙasa, idan na jona wannan na'urar karɓar saƙo a ƙarshensa, nawa ne zai ratsa ta? Idan na sauya ta da wata fa? A 1883, yana ɗan shekara 26, Thévenin ya buga amsarsa a mujallar ma'aikatan tangaraho, ya kuma aika gajeriyar takarda, ba ta wuce shafi uku ba, ga Cibiyar Kimiyya ta Faransa, ya kira ta sabuwar ƙa'ida.

Ga yadda take aiki, da misali mafi ƙanƙanta. A ɗauki batir mai bolt 12, a jona masa turjiya biyu a jere, ɗaya om 4, ɗaya om 12, a fitar da waya biyu daga gefe da gefen mai om 12. Mataki na farko, a auna turin da ke tsakanin wayoyin nan biyu ba tare da an jona musu komai ba. Zai ba da bolt 9. Mataki na biyu, a cire batirin a haɗe gurbinsa da waya, a auna turjiyar da ake gani daga bakin wayoyin. Za ta ba da om 3. Shi ke nan. Duk abin da za a jona wa wannan da'ira zai ɗauka batir mai bolt 9 yake gani, da turjiya om 3 a gabansa. Idan aka jona na'ura mai om 6, kwararar ita ce 9 a raba da 9, wato amfiya 1. Wanda ya bi doguwar hanyar Kirchhoff amfiya 1 ɗin zai samu. A da'ira mai abu uku ribar ba ta da yawa, amma matakan nan biyu su ne dai ko da abubuwan sun kai dubu uku.

Mai gyaran wutar mota yana aiki da wannan ƙa'ida ko bai taɓa jin sunanta ba. Batir na iya nuna bolt 12 da 'yan kai a mita, a murza makulli mota ta ƙi tashi. Mitar ta auna lamba ta farko ne kawai. Ta biyun, turjiyar cikin batir, ba ta bayyana sai an ja wuta mai yawa. A ce kik na neman amfiya 200. Batir mai lafiya da turjiyar cikinsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na om ba zai rasa bolt 2 ne kacal. Wanda ya tsufa, turjiyarsa ta ninka sau huɗu, da zai ba da wannan kwarara sai bolt 8 sun ɓace a cikinsa, abin da ya rage ba zai juya inji ba. Shi ya sa gwanin mai gyara ba ya yarda da karatun mita sai ya ɗora wa batir nauyi. Haka kuma lokacin da fitilun gida suka dushe don an kunna dutsen guga ko famfon ruwa: taransifoma da dogayen wayoyin unguwa duka sun taru sun zama turjiya ɗaya a bayan soket ɗinka.

Ƙa'idar tana da sharaɗi, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Tana aiki ne ga da'irar da idan ka ninka turi kwarara ma za ta ninka daidai, wadda ake kira miƙaƙƙiyar da'ira. Ƙwan fitila mai zare ba haka yake ba, domin turjiyarsa na ƙaruwa idan ya yi zafi. Taransisto ma ba haka take ba, sai dai injiniyoyi kan yi dabara su ɗauke ta miƙaƙƙiya cikin ɗan taƙaitaccen zango. Sharaɗi na biyu, kamannin daga waje ne kawai. A misalinmu na sama, ainihin da'irar tana cin wat 9 ko ba a jona mata komai ba, kwafinta na takarda kuwa ba ya cin komai.

Ba a karɓi aikin Thévenin nan take ba. Abokin aikinsa Aimé Vaschy, wanda ya yi suna a lissafi a ma'aikatar, da farko ya ɗauka ƙa'idar kuskure ce. Abin mamaki, shi ma Vaschy abin da ya sami Helmholtz ya same shi: ƙa'idar da ya kawo a 1892 kan nazarin ma'aunai, yau a yawancin duniya da sunan Ba'amurke Edgar Buckingham ake kiranta, wanda ya buga tasa a 1914.

Mai karatu zai iya cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A ganina karin maganar bai dace da Thévenin ba. Babu alamar ya san da aikin Helmholtz, hujjarsa tasa ce, kuma ya rubuta ta cikin harshen mutanen da za su yi aiki da ita, a mujallar da suke karantawa. Helmholtz yana raye a 1883, babban farfesa ne a Balin, ga ɗaukaka ta ishe shi ta wasu fannoni. Shi kansa Thévenin ba mai neman suna ba ne. Ya ci gaba da aikin gwamnati, ya shugabanci makarantar tangaraho daga 1896, yana kaɗa goge irin na Turawa, yana kamun kifi, bai yi aure ba. Da ajali ya matso ya bar wasiyya cewa kada kowa ya raka gawarsa maƙabarta sai danginsa, kada kuma a ɗora komai a kan akwatinsa sai fure ɗaya daga lambunsa. Ya rasu ranar 21 ga Satumba, 1926.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da aikin Thévenin ya sauƙaƙa fahimtarta. Moritz Jacobi, wanda ya tuƙa kwalekwale da injin lantarki a Kogin Neva na Rasha, ya nuna a wajen 1840 cewa na'ura tana samun ƙarfi mafi yawa daga batir ne idan turjiyarta ta yi daidai da ta cikin batirin. Sai dai a wannan hali rabin makamashin a cikin batir yake ƙonewa. Wasu masana suka fahimci wannan a karkace, suka ɗauka injin lantarki ba zai taɓa wuce ribar kashi 50 cikin ɗari ba. Thomas Edison da mai yi masa lissafi Francis Upton suka rusa wannan zato a wajen 1880, ta hanyar ƙera janareto mai ƙarancin turjiyar ciki. Tun daga nan injiniyoyi suka rabu biyu. Na wutar gari yana gudun dacewar turjiya, domin ba zai ƙone rabin wutarsa a tasha ba. Na sadarwa kuwa nemanta yake, domin saƙon da ya iso masa rarrauna ne, duk abin da ya tatsa riba ce. Shi ya sa wayar da ke zuwa talabijin daga faifan tauraron ɗan'adam take da ƙayyadadden ma'auni na om 75.

Lokacin da wuta mai kai-kawo, irin wadda ke zuwa gidajenmu, ta fara mamaye duniya, sai aka buƙaci a faɗaɗa lissafin. A 1893 Arthur Kennelly, haifaffen Bombay wanda ya yi aikin wayar ƙarƙashin teku kafin ya zama mataimakin Edison, da Charles Steinmetz, kowa ta hanyarsa, suka nuna cewa dokokin Ohm da Kirchhoff na aiki a nan ma idan aka yi amfani da wani nau'in lambobi masu ɓangare biyu. Kennelly ne kuma ya kawo dabarar mai da haɗin turjiya mai siffar tauraro zuwa mai kusurwa uku a 1899. A Japan, Farfesa Hidetaro Ho na jami'ar Tokyo ya tabbatar da ƙa'idar ga wuta mai kai-kawo a 1922, shi ya sa ɗaliban can ke kiranta da sunan Ho da Thévenin a haɗe.

Nuwamban 1926

Wata biyu bayan an binne Thévenin, mutum biyu, ɗaya a New York ɗaya a Balin, suka rubuta tagwayen ƙa'idarsa cikin wata ɗaya. Maimakon batir da turjiya a jere, ana iya kwatanta da'ira da tushen kwarara wanda ke da turjiya a kafaɗarsa. A misalinmu zai zama tushe mai amfiya 3 da om 3 a gefensa. Daga waje babu mitar da za ta bambanta shi da na Thévenin. Malamai ma suna da wata tsohuwar kacici-kacici a kan haka: an ba ka akwati biyu a rufe, ɗaya na Thévenin ɗaya na Norton, yaya za ka gane su? Amsar ita ce ka taɓa su da hannu. Na Norton zai yi ɗumi, domin kwararsa na zagayawa a ciki ko ba a jona masa komai ba.

Abin da ya sa aka buƙaci wannan siffa ta biyu a wannan lokaci shi ne kwalbar ƙara ƙarfin saƙo, wadda rediyo da tarho suka dogara da ita kafin zuwan taransisto. Da ita aka iya magana ta waya daga New York zuwa San Francisco a 1915. Turjiyar cikinta tana da yawa ƙwarai, har ya fi sauƙi a ɗauke ta a matsayin abin da ke fitar da ƙayyadaddiyar kwarara. Zamanin batir ya haifi ƙa'idar Thévenin, zamanin kwalba ya haifi tagwayenta.

Edward Lawry Norton, ɗan jihar Maine da aka haifa a 1898, ya yi karatu a MIT da Columbia, yana aiki a ɗakunan binciken kamfanin Bell, waɗanda aka kafa a 1925. Ya kawo batun ne cikin sakin layi guda na wani rahoton cikin gida, bai kuma sake wallafa shi ba. Abokan aikinsa da marubuta littattafan karatu na Amurka ne suka yaɗa sunansa. Hans Ferdinand Mayer kuwa, wanda aka haifa a Pforzheim a 1895, ma'aikacin kamfanin Siemens, ya buga cikakkiyar maƙala a mujallar tangaraho da tarho ta Jamus, takenta ma a kan kwatancin kwalbar yake. Idan wallafawa ce ma'aunin da aka ba Thévenin suna da shi, to da Mayer ya kamata a kira wannan. A nan ne nake ganin an yi rashin adalci, kuma ba wani mutum ya yi shi ba. Bayan 1945 littattafan injiniyanci na Ingilishi ne suka cika jami'o'in duniya, har da namu, suka zo da sunayen da marubutansu suka sani. A Jamus da wasu sassan Turai ne kawai akan ji ana haɗa sunan Mayer da na Norton.

Mayer yana da wani abin da ya fi wannan nauyi a rayuwarsa. Ya kai matsayin shugaban ɗakin binciken sadarwa na Siemens, aikin da ya ba shi damar sanin makaman da gwamnatin Hitler ke ƙerawa da kuma damar fita ƙasashen waje. A ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, 1939, wata biyu da fara yaƙi, yana masauki a otal ɗin Bristol da ke Oslo, babban birnin Norwe, ya ari keken rubutu ya buga wasiƙu biyu ba tare da sa suna ba, ya aika wa ofishin jakadancin Birtaniya. A ciki ya bayyana na'urorin hango jiragen sama daga nesa, da hanyar da ake jagorantar jiragen yaƙi da saƙon rediyo, da sababbin nakiyoyin ruwa, da sansanin gwajin makamai na Peenemünde. Ya haɗa da wata 'yar kwalba, samfurin abin da ke sa harsashi ya fashe idan ya kusanci jirgi.

Yawancin jami'an leƙen asirin Birtaniya suka ce tarko ne, domin a ganinsu babu mutum ɗaya da zai san abubuwa masu yawa haka. Wani matashin masanin fiziya mai suna R. V. Jones ya ƙi yar da takardun, ya riƙa komawa gare su a tsawon yaƙin yana ganin abubuwan da suka faɗa suna bayyana ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne abin da tarihi ya sani da Rahoton Oslo. A 1943 'yan sandan ciki na Jamus suka kama Mayer saboda sauraron BBC da sukar gwamnati, ba tare da sun san da maganar Oslo ba. Ya yi sauran shekarun yaƙin a sansanonin gwale-gwale, ciki har da Dachau, ya fito da rai. Bayan yaƙi aka kai shi Amurka, ya koyar a jami'ar Cornell, sannan ya koma Siemens a 1950.

A wannan shekara ta 1950 wata mujallar injiniyoyin Amurka, wadda ba ta daɗe da buga tarihin rayuwar Thévenin ba, ta wallafa wasiƙar wani mai karatu da ke tunatar da edita cewa Helmholtz ya riga ya kawo ƙa'idar tun 1853. Mayer ne ya rubuta wasiƙar. Haƙƙin Helmholtz ya nema a ciki.

Jerin ƙa'idojin bai tsaya a nan ba. Jacob Millman ya ƙara tasa a 1940, Bernard Tellegen na kamfanin Philips a Holan ya kawo wata mai faɗi a 1952. A 1973 aka fito da manhajar SPICE a jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, wadda ke warware jimlolin Kirchhoff kai tsaye komai yawansu, wato wahalar da aka ƙirƙiri ƙa'idojin domin guje mata ta koma aikin daƙiƙoƙi. Duk da haka ba a cire su daga manhajar karatu ba, kuma bai kamata a cire ba. Kwamfuta tana ba da amsa ga da'irar da ka riga ka san duk abin da ke cikinta. Wanda ke tsaye gaban batirin sola da aka rufe a masana'anta, ko soket da ke da taransifoma da tashoshin wuta a bayansa, waya biyu kawai yake da su, kamar du Bois-Reymond da tsokar kwaɗonsa.

Jones ya gano ko wane ne marubucin Rahoton Oslo tun cikin shekarun 1950, suka haɗu da Mayer, suka yi alƙawarin rufe maganar. Mayer bai gaya wa iyalinsa ba sai a 1977, ya kuma bar wasiyya kada a bayyana sunansa sai bayan shi da matarsa sun rasu. Ya rasu a Munik a 1980, Norton ya bi shi a 1983. Jones ya bayyana sunan a littafin da ya buga a 1989.